Filin Tambayoyinku: Na jefa alam ruwa ya fara kwanciya, ina sake juyawa ya dagule

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da damina. Tunda ruwan sama ya kankama saƙonnin da suke shigo min kusan duk akan abu ɗaya ne, rijiya ta koma ja, ruwan da ake siya a kura ya koma kalar shayi da madara, kuma duk wanda ya bi ta kan gadar kogin Kaduna kwanakin nan ya leƙa ƙasa ai ya ga kalar da idonsa. Na zaɓo guda biyar, ta farkon zan daɗe a kanta don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Salam Injiniya, dan Allah ina da tambaya. Rijiyarmu duk damina sai ta dagule, nakan jefa alam a bokiti in juya, sai inga wasu abubuwa kamar auduga suna yawo a ciki suna sauka ƙasa a hankali, toh ranar nan ina sauri yara zasu tafi islamiyya sai na sake sa ludayi na kaɗa shi sosai wai don ya yi saurin kwanciya, wallahi sai ya koma fari-fari kamar ruwan tsarin shinkafa, har la'asar bai yi garau ba. Alam ɗin ne ya lalace ko me? Daga wata uwa a Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, alam ɗinki lafiyarsa ƙalau, ludayin nan na biyu shi ya ɓata aikin, kuma ki kwantar da hankalinki don kusan kowa haka yake yi, ɗabi'ar hannu ce, mun saba in ana so abu ya haɗu sai a ƙara juyawa.

Bari in fara da abin da ya sa ruwan ya ƙi kwanciya tun farko. Yashi ba ya ba da wahala, ƙwayar yashi mai laushi cikin kamar minti 2 ta sauka zurfin mita guda. Masu taurin kan sune ƙananan ƙwayoyin yumɓu da ido baya gani ɗaya-ɗaya, wata faɗinta maikiron 1 ne, wato in kika raba milimita gida dubu kika ɗau ɗaya, silin gashin kanki ma ya ninka ta sau da dama. Irin wannan in aka bar ta ita kaɗai sai ta haura mako guda kafin ta sauka mita ɗaya, wadda ta fi ta ƙanƙanta sau goma kuwa sai dai a yi maganar shekaru. Sannan duk suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya a jikinsu, kin san yadda yara suke wasa da mayen ƙarfe, in suka haɗa fuska iri ɗaya sai ki ga yana tunkuɗe ɗan uwansa ko an matsa, toh haka ƙwayoyin nan suke, kowacce tana korar 'yar uwarta, babu mai yarda ta jingina da wata balle su yi nauyi.

Alam, wanda wasu iyayenmu suke ce wa alif, yana shigowa da kishiyar wancan cajin, sai ya kashe musu wannan tunkuɗe-tunkuɗen, kuma cikin daƙiƙu kaɗan shi kansa yana rikiɗa ya zama wani farin abu mai yauƙi-yauƙi da danƙo wanda yake liƙewa a jikinsu. Wannan matakin sauri yake so. Shi ya sa juyawar farko dole ta zama da ƙarfi, kamar minti ɗaya, don alam ya kai ko'ina kafin ya gama rikiɗewa a gefe guda na bokitin.

Daga nan kuma labari ya canza gaba ɗaya. Ina so wata rana da daddare ki zuba ruwan a kofin gilashi ki haska tocilan waya ta gefe ki zauna ki kalla, wallahi abin sha'awa ne, ni shekara da shekaru ina wannan aikin har yau in na tsaya gaban kwalbar gwajin ruwa sai na shagala. Minti ɗaya ko biyu na farko ba za ki ga komai ba, hazo ne kawai, har ki ce ai bai kama ba, alhali a lokacin ƙwayoyin suna ta haɗuwa bibbiyu uku-uku ido ne bai kai ba. Can sai ki ga hazon ya fara yin ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa garin masara, mu a wurin aiki kan allura muke ce wa wannan girman. Sai kuma abin ya ɗau gudu, don yanzu ba ƙwaya da ƙwaya suke haɗuwa ba, gungu ne yake cin karo da gungu, cikin 'yan mintuna sun zama gudaji kamar yagaggiyar auduga, kuma abin da zai faɗa miki aiki ya yi kyau shine ruwan da yake tsakaninsu, za ki ga ya fara haske tas tun kafin su sauka. Ma'aikatan gidan ruwa fulok suke ce musu, ni dai gudaji zan ci gaba da cewa.

Toh gudajin nan Hajiya kar ki ɗauke su kamar curin fura da aka mulmula ya cushe. In aka duba su da na'urar ƙara girma, rassa ne kan rassa, da ramuka da ƙofofi ta ko'ina, mafi yawan cikinsu ruwa ne zalla. Dalili kuwa in gungu biyu masu rassa suka haɗu, bakin reshen wannan ne yake fara taɓa bakin reshen wancan, nan take su liƙe a haka, babu wanda ya shige cikin wani, sai a bar fili a tsakiya. Kinga kenan duk yadda guda ya ƙara girma haka yake ƙara zama sako-sako, kuma wani lokacin abin da ya riƙe rabinsa da ɗaya rabin ɗan siririn wuya ne kawai.

Juyawa a hankali aiki biyu take yi a lokaci guda. Tana kawo su kusa su haɗu, tana kuma jansu, gefe ɗaya na gudan ruwa yana gudu ɗaya gefen yana tafiya a hankali, sai ya ji ana yagarsa. Ƙarami baya jin wannan jan sosai, amma da ya girma sai ya fara ji, har a kai wani girma da ba ya wucewa, ana haɗuwa ana ɓallewa daidai wa daida. Kuma a cikin wannan haɗuwa da ɓallewar wani gyara yake faruwa wanda shi nafi so mutane su gane, siraran wuyan nan sune suke fara tsinkewa, dogayen rassa suna lanƙwashewa su kwanta ciki su sami wurin kamawa na biyu da na uku, gutsattsarin da suka ɓalle suna faɗawa cikin ramuka, sai ki ga bayan minti 15 zuwa 20 gudajin sun ɗan rage faɗi amma sun fi cika sun fi zama dunƙule, kuma sun fi jure motsi. Irin waɗannan ake nema.

Ke kuma da kika dawo da ludayi da ƙarfi, kin kai su inda ba za su iya ba, kin farfasa su sun koma ƙanana, wasu ma kin kankare musu baya sun zama ƙura. Za ki ce toh ai sai su sake haɗuwa tunda alam ɗin yana ciki. Nan ne matsalar, gudajin alam in suka fashe basa komawa yadda suke, sukan ɗan sake girma amma basa kai na farko, don danƙon nan yana da ƙarfinsa ne lokacin da yake sabo, da ya ɗan jima ya riga ya kama abin da zai kama, sabon wurin da ya tsage ba ya liƙewa kamar da. Duk macen da ta taɓa yin awara ta san wannan ba sai an karanta mata ba. Mahaifiyata Allah ya jiƙanta in madarar waken ta tafaso ta zuba ruwan tsami, juyi ɗaya take yi ta zare ludayin ta ajiye a kan murfi, sai ka ga farin yana tattaruwa yana tasowa gefe-gefe ruwan ɗorawa-ɗorawa yana fitowa a tsakani, kuma duk yaron da ya kai hannu kusa da tukunyar nan a wannan lokacin sai ya ji tsawa, don ta san in aka dama shi ya tsinke kenan, ranar awara ba za ta yi auki ba.

Don haka ga yadda za ki yi. Ki jiƙa alam ɗin a kofi ya narke tukuna, kar ki jefa dutsensa. Ki zuba, ki kaɗa da ƙarfi minti ɗaya, sai ki sassauta hannu sosai, zagaye ɗaya cikin daƙiƙa uku ko huɗu, ki yi kamar minti 5 zuwa 10 kina ƙara ragewa, in kin sami sarari ki kai 15 ya fi, sannan ki zare muciyar a hankali ki rufe bokitin ki ce kar wanda ya taɓa shi ko ya ja shi, awa ɗaya zuwa biyu. A manyan matatun ruwa irin ta Malali da take ɗibar ruwan kogin Kaduna, tsarin da ake bi a wannan sana'ar kenan, wurin kaɗawa da ƙarfi daban, wurin juyawa a hankali daban, sannan babban tankin da ruwa zai natsu, kuma masu zana irin waɗannan wuraren har faɗin hanyar da ruwan zai bi zuwa tankin suna lissafawa don kar gudun ruwa ya farfasa abin da aka sha wahalar ginawa.

TAMBAYA: Barka da aiki Oga. Ni ɗalibi ne a Kadpoly, ina rubuta firojet akan tace ruwa, malaminmu yace siffar fulok firaktal ce kuma tana da wata lamba da take tsakanin 1 da 3 wadda take canzawa ana cikin juyawa, gaskiya na haddace amma ban gane ba, ta yaya abu zai zama yana da 1.8 ko 2.3, ai ko dai 2 ko 3? Daga wani ɗalibi a Tudun Wada.

AMSA: Ƙanina naji daɗin yadda ka fito fili kace ka haddace baka gane ba, da yawa a haka suke wucewa. Ka manta da sunan tukuna ka ɗauki wannan tambayar, in na ninka girman abu sau 10, kayan da ke cikinsa sau nawa zasu ninku? Zare in ka ninka tsawonsa sau 10 nauyinsa sau 10 ne, lambarsa 1 kenan. Tabarma in ka ninka tsawo da faɗi sau 10 kaba sau 100 za ta ci, lambarta 2. Bulo na siminti in ka ninka ko ta ina sau 10 siminti sau 1000 zai ci, lambarsa 3. Toh guda da yake cikin ruwa yana cin wuri ta kowane ɓangare kamar bulo, amma bai cike wurin ba, in ya ninka faɗi sau 10 yumɓun da ke cikinsa ba zai kai sau 1000 ba, wataƙila sau 60 da wani abu, wannan shine 1.8, ko sau 200, shine kusan 2.3. Shikenan fa, lambar tana faɗa maka yadda abin ya cushe ne. Kusa da 1 siriri mai rassa, kusa da 3 dunƙulalle.

Kalmar firaktal Benoit Mandelbrot ne ya ƙirƙiro ta a 1975, yana nufin siffar da in ka gutsuri yanki ka duba sai ka ga ya yi kama da gaba ɗayan. Ka tsinko ganyen zogale guda ka duba, sanda ce da rassa, kowane reshe shima sanda ce da nasa rassan, haka har ƙananan ganyen. Guda ma haka yake, gungu ne na gungu na gungu.

Lambobi biyu da za ka yi ta cin karo dasu sune 1.8 da 2.1, kuma a ruwan da ba'a juyawa aka same su. In an kashe cajin gaba ɗaya har ya zama duk taɓawar farko liƙewa ce, sai a sami wajen 1.8, sako-sako, don babu wanda ya sami damar shiga ciki. In kuma akwai sauran tunkuɗe-tunkuɗe, sai an yi karo da yawa kafin ɗaya ya kama, gungun yana samun lokacin zamewa ya shige lungu kafin ya liƙe, sai a sami wajen 2.1. Wato saurin kamawa yana ba da gini mara cika, jinkiri yana ba da mai cika. In aka shigo da juyawa kuma, fashewa da sake haɗuwa da lanƙwashewar rassa da na yi wa Hajiya bayani a sama sukan tura lambar sama, shi ya sa malaminku yace tana canzawa, a farko lokacin da girma yake gudu tana ƙasa, in an kai inda girman ya tsaya sai ta hau.

Me ya sa injiniya zai damu da ita? Saboda saurin sauka. Lissafin Stokes na 1851 yace ƙwaya cikakkiya in faɗinta ya ninku sau 10 saurin saukarta sau 100 ne. Amma guda mai lamba 2, faɗi sau 10 yana nufin wurin da ya ci sau 1000, kayan ciki sau 100 kacal, kaga kenan bambancin nauyinsa da na ruwa ya ragu sau 10, saurin saukarsa sai ya zama wajen sau 10 maimakon 100. A taƙaice ka cire 1 daga lambar, abin da ya rage shine ƙarfin da girma yake da shi akan saurin. Shi ya sa ni in sabon ma'aikaci ya zo yana murna wai gudajinsa manya-manya, nakan ce masa mu tsaya mu ga saukarsu tukuna, na sha ganin manya fuka-fuka suna ta lilo a tsakiyar kwalba matsakaita sun riga su kaiwa ƙasa, kuma masu sako-sakon nan lakarsu ma tafi yawa tafi wuyar bushewa don duk ruwa ce. Amma kar ka ɗauka sako-sakon bashi da rana, faɗinsa yana sa ya share ƙananan ƙwayoyi da yawa in yana yawo kamar koma a kogi, don haka a farkon juyawa ana son sa, a ƙarshe ne ake so ya cushe.

A babin tarihi ka sa mutum uku. Smoluchowski a 1917 shi ya rubuta lissafin yawan karon da ƙwayoyi suke yi, amma ya ɗauka duk ƙwallaye ne cikakku, in biyu suka haɗu sai su zama ƙwallo ɗaya babba kuma babu fashewa, nan ne lissafinsa ya rabu da abin da muke gani a kwalba. Camp da Stein a 1943 suka kawo G ɗin nan da ake auna ƙarfin juyawa da shi, a wurin kaɗawar farko ɗaruruwa ne har zuwa dubu, a wurin juyawa a hankali kuma wajen 20 zuwa 70, kuma akan raba shi ɗaki-ɗaki ana ragewa, na farko yafi ƙarfi na ƙarshe yafi sanyi.

Shawara biyu akan aikin hannu, don nan ɗalibai suke faɗuwa. In da hoto za ka auna, ka sani hoto shimfiɗe yake, lambar da zai baka ba za ta wuce 2 ba, kar ka ɗauke ta ka jera da ta wanda ya auna da hasken leza ko da saurin sauka kace naka ya saɓa. Na biyu kar ka zuƙo guda da sirinji mai ƙaramin baki ka ɗora a gilashi, kafin ya isa ka riga ka fasa shi, abin da za ka auna gutsattsari ne. Ka ɗau hoton ta jikin kwalbar yana cikin ruwansa, ka sa baƙin kwali a baya da haske ta gefe. In kana neman ƙarin littattafai ka leƙa Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, tunda a garinku take.

TAMBAYA: Injiniya ni wanki da guga nake yi, durom uku nake cikawa da ruwan rijiya, in ya yi ja sosai nakan ƙara alam har cikin hannu guda a durom ɗaya don fararen kaya, amma wani lokacin ina ƙarawa yana ƙara yin fari kamar madara, ga bauri, sabulu ma baya kumfa. Ba yawan alam ne yake sa ya fi wankuwa ba? Daga mai wanki a Unguwan Dosa.

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, amma cikin hannu a durom ɗaya ya yi yawa nesa ba kusa ba, kuɗinka kake zubarwa. Ka tuna ƙwayoyin suna korar juna ne don cajinsu iri ɗaya, alam yana zuwa ya kashe. In ka zuba fiye da kima sai ya lulluɓe su har su ɗau nasa cajin, yanzu duk sun koma iri ɗaya kuma ta ɗaya ɓangaren, korar juna ta dawo sabuwa. Ga kuma tsami, alam yana ƙara wa ruwa tsami, shi kuma farin danƙon nan yafi samuwa ne in ma'aunin tsami da ake ce wa pH yana wajen 6 zuwa 7 da ɗoriya, in tsami ya yi yawa sai ya kasa fitowa, alam ya zauna a narke cikin ruwan, shine baurin da kake ji a baki kuma shine yake cinye maka sabulu. A matatun ruwa shi ya sa ake ajiye laim kusa, wani farin gari ne mai kashe tsami, ana ƙara shi don ya rage tsamin da alam ya kawo.

Kuma yawan alam yana canza irin gudajin kansu. In kaɗan ne daidai kashe caji, gudajin ƙanana ne masu ɗan cika, yumɓu ne jingine da yumɓu. In an ƙara kuma tsami bai yi yawa ba, farin danƙon ne yake yawa ya zama kamar gajimare yana sharo komai yana saukowa da shi, waɗannan sun fi girma sun fi saurin fitowa amma laushi garesu, sune kuma in suka fashe basa dawowa, ga tulin laka a gindin durom.

Ka yi gwajin da muke yi, ba ya cin kuɗi. Ka je wurin mai sikeli ya auna maka alam giram 10, ka narkar a ruwa mai kyau lita 1. Ka yanke kan gorunan roba guda shida, kowacce ka zuba ruwan rijiyar lita 1, ka siyo sirinji a kemis, ta farko ka ɗiga mil 1, ta biyu mil 2, haka har 6. Kowane mil ɗaya miligiram 10 kenan a lita. Ka kaɗa su iri ɗaya, ka juya a hankali iri ɗaya, ka bar su rabin awa. Wadda ta yi garau da mafi ƙarancin alam ita za ka ɗauka. Misali in ta uku ce, durom mai lita 200 giram 6 yake buƙata, bai fi ƙaramin cokalin shayi da ɗan tozo ba, kai kuma kana zuba cikin hannu. Bokitin lita 20 kuwa ko giram 1 bai cika ba, kamar ƙwayar gyaɗa. Kuma duk bayan babban ruwan sama ka sake gwajin, don ruwan watan Agusta da na watan Nuwamba ba abu ɗaya suke so ba.

TAMBAYA: Ɗana, mu da muna yara a ƙauye 'ya'yan zogale ake dakawa a zuba a randa ruwa ya kwanta, yanzu na gwada na ga baya yin manyan gudaji irin na alam. Ko zogalen yanzu ne ba shi da ƙarfi? Daga wani dattijo a Kawo.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, zogalenku yana nan da ƙarfinsa, kuma abin da iyayenku suka yi masana sun bincika sun tabbatar, a ƙauyukan Sudan ma mata sun daɗe suna yi da ruwan kogin Nilu. A cikin ƙwayar akwai wani sinadarin furotin mai irin cajin da yake kashe na yumɓu, amma baya yin farin danƙon nan mai yawa irin na alam, shi ya sa gudajinsa suke fitowa ƙanana kuma suna buƙatar a ƙara musu lokaci, ku basu awa biyu kar ku gaji. Alherinsa shine baya ƙara wa ruwa tsami, babu bauri, lakarsa ma kaɗan ce, kuma yafi nuna kansa a ruwan da ya dagule sosai, a ruwa mai ɗan hazo kaɗan ƙwayoyin sun yi nisa da juna basa samun haɗuwa. Ku zaɓi wanda ya bushe a bishiya, a ɓare a daka farin ya yi laushi, ku fara da kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya sai ku rage ko ku ƙara, a kaɗa garin a 'yar kwalba da ruwa kaɗan a tace da tsumma mai tsafta kafin a zuba. Abu ɗaya Baba, kar a ajiye ruwan ya kwana biyu, a yi na yini a shanye, don ragowar zogalen da ya narke a ciki abinci ne ga ƙwayoyin cuta, in ya jima zai fara wari.

TAMBAYA: Yallaɓai in ruwan ya kwanta ya yi fes shikenan a sha? Kuma me ya sa da hunturu yake daɗewa? Daga wata amarya a Kabala.

AMSA: Amarya Allah ya ba da zaman lafiya. A'a, dan Allah kar ki sha a haka, kar kuma ki bai wa yaro. Gudajin suna saukowa da ƙwayoyin cuta da yawa amma basa kwashe su duka kuma basa kashe su, waɗanda suka sauka ma suna nan da ransu a cikin lakar, ga shi damina lokacin amai da gudawa ne. Amfanin kwantar da ruwan shine kilorin ya sami yin aikinsa, don ƙwayoyin cuta suna fakewa a jikin laka, shi ya sa ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa iyakar dagulewa a 5 NTU, wato awon da ake yi wa dagulewar ruwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tafi son a yi ƙasa da 1 kafin a sa magani. Maganar hunturu kuma, ruwa in ya yi sanyi yakan ɗan ƙara kauri, alam yana jinkirin rikiɗa, gudajin suna fitowa ƙanana marasa ƙwari suna kuma sauka a hankali, maganinsa ki ƙara mintunan juyawa a hankali da na jira, ba ki ƙara alam ba.

In za ki tsiyaye kar ki ɗaga bokitin ki karkata, lakar za ta tashi ta farfashe ta koma ciki. Ki riƙa ɗiba da moɗa daga sama a hankali, ko ki sa 'yar tiyo ki janyo, ki bar kamar yatsa huɗu a ƙasa, ki tace da farin ƙyalle mai tsafta, sannan ki tafasa ko ki sa ruwan kilorin irin WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalbar ki jira minti 30 a rufe. Lakar da ta rage ki kai ta can nesa da bakin rijiya ki zubar, ki ɗauraye bokitin kafin ki sake ɗibo wani.